MA'ADININ DA KE GYARA KANSA
Darasi a kan Monazait da Sharar Nukiliya

Tashoshin nukiliya kan bar shara mai fitar da tururi mai lahani har shekaru dubbai. Wajibi ne a kulle ta cikin abin da ba zai lalace ba, don kada ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tun wajen 1980 masana a Oak Ridge ta Amurka suka ba da shawarar amfani da tangaran ɗin fosfat, irin ma'adinin monazait.

Yadda Ɓarnar Ke Aukuwa

Ƙwayoyin zarra na ma'adini a jere suke kamar tubali. Duk sa'ad da ƙwayar toriyam ko yuraniyam ta fashe, takan ture ɗaruruwa daga mazauninsu. Ta haka ne ma'adinin zarkon yake kumbura ya tsattsage. Amma monazait, ko da ya shekara miliyoyi ɗauke da toriyam, akan tarar da jerinsa bai rushe ba.

Yadda Ake Gwaji

Da yake ba mai iya jiran shekara dubu, masana kan harbi tangaran da ƙwayoyin kiriftan masu ɗauke da lantarki, su ga ɓarnar cikin sa'o'i kaɗan. Sun gano cewa da zarar zafi ya kai awo 200 na Salshiyas, ƙwayoyin monazait na komawa mazauninsu kafin ɓarnar ta taru.

Gargaɗi

Akwai monazait cikin yashin da haƙar kuza ta bari a yankin Jos. Jurewarsa ba ta hana shi fitar da tururi ba. Saboda haka ana gargaɗin jama'a da kada su yi gini da wannan yashi. Rigakafi ya fi magani.