Yadda Ake Zaɓen Sensar Auna Tafiyar Inji a Masana'antun Suleja

Tun da aka ƙirƙiri Birnin Tarayya a 1976, tsohuwar Abuja ta sallama sunanta ta koma Suleja, garin bai huta da yi wa babban birnin hidima ba. Daga Madalla zuwa cikin gari, gidajen bulo ne da shagunan walda da masu fiya wata ko ta ina. Da yawa daga injinansu abu guda ya haɗa su: akwai wani ƙarfe da ke zuwa gaba ya dawo baya a miƙe, kuma kyawun kaya ya rataya ne a kan inda ya tsaya. Bulo mai inci 9 tsayinsa milimita 225 ne. In wannan ƙarfe, wato fistan, ya tsaya nan yau, gobe can, magini ne zai yi ta cikon siminti yana ƙorafi. Na'urar da ke gaya wa kwamfutar inji inda ƙarfen yake, ita masu gyara ke kira sensa.

Matakin farko ba ya cin kuɗi. Mai masana'anta ya tambayi kansa: farkon tafiya da ƙarshenta kawai yake son sani, ko kowace gaɓa a tsakani? In na farko ne, makunnin iyaka guda biyu sun wadatar, kuma ba su da tsada. In na biyu ne, to sensa ta wajaba.

Daga nan sai a auna tsawon tafiyar, a sayi wadda ta ɗan fi, domin akasarin sensoshi suna da wani yanki a bakinsu da ba ya karanta komai.

Mataki na uku shi ne inda aka fi yin asara, wato sanin kuskuren da aikin zai iya ɗauka. Ƙa'idar masu awo ita ce ma'auni ya fi kuskuren da aka yarda da shi ƙanƙanta sau goma. In rabin milimita aikin ke yafewa, ana neman sensar da ba ta kauce fiye da milimita 0.05. A nan takardar kamfani ke ruɗin mutane. Za a ga an rubuta cewa tana ganin motsin maikiron 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, sai mai saye ya ɗauka iyakar kuskurenta ke nan. Ina! Ganin ƙaramin motsi daban, faɗin gaskiyar wuri daban. Lambar da ya kamata a nema ita ce ta kaucewa, wadda ake rubutawa da kashi cikin ɗari na dukan tsawon. Kashi 0.1 cikin ɗari a sensa mai milimita 500 rabin milimita ne cif. Ga injin bulo kuwa, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne maimaici: in fistan ya dawo wuri guda sau ɗari, ta faɗi lamba guda sau ɗari.

Sai an riƙe waɗannan lambobi a hannu ake duba iri. Mafi araha ita ce mai gogayya, wadda ke aiki kamar maɓallin ƙara sautin rediyo, sai dai ita a miƙe take. Tana da sauƙin haɗawa, amma tana cinyewa, kuma girgizar injin bulo na gaggauta mutuwarta. Akwai LVDT, sandar ƙarfe ce ke yawo cikin naɗaɗɗiyar waya ba tare da sun taɓa juna ba. A gajeriyar tafiya da wuya a samu mai inganci da juriyarta. Mai maganaɗisu, irin ta Temposonics, ana cusa ta cikin silindar haidirolik, tana zaune cikin mai, ƙura ba ta isa gare ta, kuma tana auna mita da yawa. A tashoshin lantarki na ruwa irin na Shiroro mai megawat 600, da sensoshi na wannan dangi ake sanin yawan buɗewar ƙofofin da ke shigar da ruwa cikin inji. Ma'aunin gilashi kuma, irin na Heidenhain, shi ne na injin sassaƙar ƙarfe inda ake lissafin maikiron, amma ba ya shiri da datti. Mai jan igiya ta dace da doguwar tafiya da ba ta bukatar tsanani.

Yanzu sai a kawo Suleja cikin lissafi, domin waɗannan kaya ba don iskarta aka ƙera su ba. Ƙurar hunturu da garin siminti suna shiga ko'ina, damina kuma ta zo da laima. Kada a karɓi abin da bai kai IP65 ba, wanda ke hana ƙura da feshin ruwa. Inda ake wanke inji kullum, kamar gidan fiya wata, IP67 ya fi, shi yana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Zafi ma yana da nasa. Awon masana'antu a duniya a digiri 20 aka kafa shi, ƙarfe kuwa yana miƙewa kimanin maikiron 12 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Shago mai rufin kwano da ya ƙara digiri 15 tsakanin safiya da azahar a watan Maris ya tsawaita sanda mai mita ɗaya da milimita 0.18. Mai bulo ba zai ji a jikinsa ba. Mai sassaƙa sandar inji kuwa aikinsa ya lalace, ko da sensar ba ta yi laifin komai ba.

Ga kuma batun ɗauke wuta, wanda a ganin mai wannan rubutu shi ya kamata ya raba gardama. Wasu sensoshi ƙidaya suke yi daga inda suka tashi. Da wuta ta ɗauke sun manta, sai an mayar da inji mafari kafin a ci gaba. Wasu kuwa da wuta ta dawo, ko an koma janareta, nan take za su faɗi inda suke. LVDT da mai maganaɗisu da mai gogayya duk suna cikin kashi na biyu. Ƙarin kuɗin masu tsada a cikinsu bai kai asarar kwaɓin da zai sandare a cikin inji ana jiran saiti ba.

Saura hanyar da saƙon zai bi. Siginar bolt 0 zuwa 10 tana da kyau in wayar gajeriya ce. In doguwa ce, ko za ta ratsa kusa da injin walda ko babban injin lantarki mai juyawa, a ɗauki ta miliamfiya 4 zuwa 20. Hayaniyar lantarki ba ta cika damunta ba, kuma in waya ta tsinke za ta nuna sifili, PLC, wato kwamfutar injin, ta gane matsala ce ta tsayar da inji. A tabbata PLC ɗin tana karɓar irin siginar kafin a biya kuɗi, a yi amfani da kebur mai garkuwa, a raba masa hanya da wayar wuta.

Wurin dillali, a Abuja ne ko Legas, a nemi takardar bayanai da ta gwaji, a tambayi ko akwai wata a ajiye in wannan ta mutu. Wajen ɗaurawa, sensar ta kwanta daidai da layin tafiya, ba karkace, kada sandarta ta ɗauki nauyin gefe. Sannan a gwada ta da agogon awo a wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe, sau goma-goma, da safe da kuma bayan inji ya yi zafi. A rubuta lambobin da kwanan wata a manna a jikin akwatin wuta, a sake gwajin bayan hunturu da bayan damina.