SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: Darasi a Kan Gwajin Ƙasa, Gini da Shara

Manomi ya san ƙasa. Idan ya damƙe ta a hannu zai ce wannan jigawa ce, wannan laka ce, wannan kuwa ta gaji tana son taki. Magini ma haka yake. Da ya duba ƙasa ya san wadda za ta yi tubali da wadda ba za ta yi ba. Amma akwai abin da yakan shiga ƙasa wanda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya jin warinsa. Wannan abu shi ne guba. Ba a gane ta sai an kai ƙasar ɗakin gwaji.

Darasin wannan wata a kan gwajin nan yake. Ya shafi mutanen Rigachikun da sauran garuruwa irinsa, inda gona da gareji da juji da gidan zama suke maƙwabtaka da juna. Amma kafin a zo gida, ga abin da ya faru a Jihar Zamfara.

ABIN DA YA FARU A ZAMFARA

A farkon shekarar 2010 agwagi suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Ba wanda ya kula. Sa'an nan yara ƙanana suka fara ciwo. Sai amai, da ciwon ciki, da jijjiga, da shiɗewa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da maganinsa, bai yi ba. Aka yi zaton sanƙarau ne, shi ma maganinsa bai yi ba. Yara suka yi ta mutuwa.

A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura da yawan mace-macen. Daga baya aka ɗebi jinin yara 8 aka aika ɗakin gwaji a ƙasar Jamus. Sakamako ya dawo. Ashe dalma ce ta yi yawa a cikin jinin yaran.

Ina dalmar ta fito? Mutanen ƙauyukan masu haƙar zinariya ne. Dutsen da zinariyar take ciki yana da dalma da yawa. Akan kawo dutsen cikin gari, a fasa shi, a daka a turmi, a niƙa a inji irin na niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurarsa ta sauka a ƙasa, da tabarma, da kwanon abinci. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Shi ke nan guba ta shiga.

Masu bincike sun ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma. A cikinsu 118 sun rasu cikin shekara ɗaya, watau ɗaya a cikin kowane huɗu. Gaba ɗaya yara aƙalla 400 suka rasu a jihar. A shekarar 2015 irin wannan ya sake faruwa a Shikira da ƙauyukan kewaye, a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Yara 28 suka rasu a can.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Ana auna dalmar da ke cikin ƙasa da lissafin kashi nawa cikin miliyan. A lokacin, ma'aunin da Amurka take aiki da shi a wurin wasan yara shi ne kashi 400 cikin miliyan. A shekarar 2024 ma an rage ma'aunin ƙasar gidajen zama zuwa 200. To, a wasu wurare a Zamfara an sami fiye da kashi 100,000. Ma'ana, a kowane kilo 10 na ƙasa akwai kilo 1 na dalma. Amma da ido, tsakar gidan ba ta da bambanci da ta kowa.

Jini ma yana da nasa ma'aunin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan dalmar jini ta kai 5, a nemi inda take fitowa a toshe. Idan ta kai 45, yaro yana bukatar magani na musamman. Yaran nan 8 da aka aika jininsu Jamus, kowanensu ya wuce 160.

Dalma kaɗan ma tana ɓarna. Takan taɓa ƙwaƙwalwar yaro, karatu ya yi masa wuya har girmansa. Takan jawo ƙarancin jini. Ga mai ciki takan kai ga jariri tun kafin a haife shi. Ga manya takan kawo hawan jini da ciwon ƙoda.

Gwajin ne ya nuna hanyar gyara. Aka bi gida gida ana auna ƙasa. Inda gubar ta yi yawa, aka kankare ƙasar sama, aka zuba a buhuna, aka binne a ramin da aka shirya nesa da gari. Aka kawo ƙasa mai tsabta, wadda ita ma an gwada ta, aka shimfiɗa. Bayan haka ne likitoci suka ba yara maganin da ke fitar da dalma ta fitsari. Domin in an ba yaro magani ya koma gida mai guba, an yi aikin baban giwa. A garin Bagega sai a 2013 aka yi wannan gyara, yara suna ta jiran magani. Tsarin dai uku ne: a gwada, a gyara, a yi magani.

YADDA AKE GWAJIN

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce na'urar hannu, wadda ake zuwa da ita har gida. Akan ɗora bakinta a kan ƙasa ko bango. Tana aika wani haske irin na ɗaukar hoton ƙirji a asibiti. Cikin minti ɗaya ko biyu lamba ta fito. Da irinta aka yi aiki a Zamfara.

Ta biyu ita ce ɗakin gwaji. A can akan busar da ƙasar, a tankaɗe, a auna 'yar kaɗan a sikeli. Sai a narkar da ita a ruwan asid, ɗan'uwan ruwan batir. A tace, a sa ruwan a cikin na'ura. Na'urar ita ke faɗin irin ƙarfen da ke ciki da yawansa. Wannan hanya ta fi ɗaukar lokaci, amma ta fi tabbaci. Haka ake yi wa ruwa, da fenti, da ganyen lambu.

INDA YA KAMATA A LURA A RIGACHIKUN

Rigachikun yana Ƙaramar Hukumar Igabi, a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya. Nan Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, da filin baje koli na Kaduna. Da can garin manoma ne. Yau birni ya cim masa, gidaje da sana'o'i sun shiga inda gonaki suke. Wannan ba ya nufin ƙasar garin tana da guba. Gwaji ne kaɗai yake faɗin haka. Amma a duk gari irin wannan akwai wurare biyar da ya kamata a sa wa ido.

1. Wurin fasa batir. Batirin mota da na wutar sola cike suke da dalma. Inda ake fasa su, ko narka dalmarsu, ko zubar da ruwansu, ƙasar wurin takan ɗauki guba. Mai sana'ar kuma yakan kai ƙurar gida a rigarsa da takalminsa.

2. Juji da takin shara. Da can sharar gari toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci, shi ya sa take gyara gona. Yanzu akwai matattun batura a ciki, da gwangwanin fenti, da tarkacen rediyo da waya. Ƙona su yakan bar guba a cikin toka.

3. Gefen babbar hanya. Shekaru da yawa ana sa dalma a man fetur, hayaƙin mota yana sauke ta a bakin titi. Nijeriya ta daina, kuma a 2021 duniya duka ta daina. Amma dalma ba ta ruɓewa. Wadda ta sauka tana nan a ƙasa.

4. Tsohon gini. Wani fentin mai, musamman ja da rawaya, yana da dalma. Idan ya tsufa yakan ɓare, yara su tsinta su ci. Akwai kuma silin da kwanon rufi na asbesto. In ba a taɓa su ba, haɗarinsu kaɗan ne. In an fasa ko an yanka, ƙurarsu takan maƙale a huhu, ciwo ya fito bayan shekaru masu yawa. A ɗakin gwaji da madubin likita ake gane asbesto.

5. Rijiyar da take kusa da ɗaya daga cikin waɗannan wurare. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma.

Akwai kuma abu na shida a cikin ɗaki. Tozalin dutse, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri da aka sami dalma a jininsa. Da aka gwada tozalin da ake sa masa, wanda aka saya a Nijeriya, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Saboda haka kada a sa wa jariri tozalin da ba a san haɗinsa ba.

YADDA AKE ƊIBAR SAMFUR

Samfur shi ne ɗan abin da ake ɗiba a kai gwaji. In an ɗibe shi ba daidai ba, sakamako ma ba zai zo daidai ba.

1. A fara tambayar masu ɗakin gwajin abin da suke so da kuma kuɗin aikin.
2. A ɗebi ƙasar sama, inda yara suke wasa, zurfin gaɓar yatsa.
3. A ɗiba a wuri huɗu ko biyar a tsakar gida ɗaya, a haɗa a sabuwar leda.
4. Kada a haɗa ta gida da ta gona ko ta juji. Kowacce da ledarta.
5. A yi aiki da cokali mai tsabta, a wanke shi kafin a koma wani wuri.
6. A rubuta sunan wurin da ranar wata a jikin kowace leda. A nan ilmin yaƙi da jahilci yake da rana.
7. Idan ruwa ne, a karɓi kwalba daga wurin masu gwajin, a mayar da wuri.
8. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Amma durom ko buhun da aka yar, ba a san abin da ke ciki ba, kada a buɗe. A kori yara daga wurin, a kai rahoto. A 1988 an gano dubban durom na guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Wasu ma'aikatan da suka kwashe su sun yi ciwo. Wannan ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar. A 2007 kuma aka kafa NESREA, mai tilasta bin dokokin muhalli.

INA ZA A NUFA?

A fara da mai unguwa ko dagaci, sai duba-gari na ƙaramar hukuma, ko malamin gona. Su za su nuna hanya. Hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, watau KEPA, ita ke karɓar ƙorafi a kan shara mai haɗari. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando tana aikin gwajin ruwa. Hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa tana da ɗakin gwajin duwatsu da ƙasa a Kaduna. Akwai masana ƙasa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. NAFDAC kuwa ita ke gwada abinci da magani da kayan kwalliya. Gwajin jinin yaro aikin asibiti ne, likita ake tambaya.

Gwaji da kuɗi ake yinsa. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiyar manoma ko 'yan ajin yaƙi da jahilci za su iya haɗa shi. Idan sakamako ya zo, a nemi mai gwajin ya yi bayani da Hausa, a kuma adana takardar.

KAFIN SAKAMAKO YA ZO

A wanke wa yara hannu kafin cin abinci. A yayyafa ruwa kafin shara domin kada ƙura ta tashi. Kada a shanya hatsi a ƙasan da ake zargi. Mai aikin batir ko haƙar ma'adini ya sake tufafi, ya yi wanka, kafin ya ɗauki yaro. Kada a kawo dutsen ma'adini ko mataccen batir cikin gida. A wanke kayan lambu sosai. Rigakafi ya fi magani.

SABABBIN KALMOMI

Dalma: wani ƙarfe mai nauyi da taushi, guba ne ga jiki.
Samfur: ɗan abin da ake ɗiba a kai gwaji.
Sakamako: amsar da gwaji ya bayar.
Asbesto: wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗa silin da kwanon rufi da shi.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Me ya sa maganin zazzaɓi bai warkar da yaran Zamfara ba?
2. Ta wace hanya dalma take shiga jikin yaro mai rarrafe?
3. Me ya sa ake gyara gida kafin a ba da magani?
4. Waɗanne abubuwa biyu ake rubutawa a jikin ledar samfur?
5. Kowane ɗalibi ya rubuta sunan wuri ɗaya a unguwarsu da ya kamata a gwada, ya faɗi dalili.