Darasi: Tsargiya, Kumburi da Ciwon Daji

Ya kai ɗalibi, in kana wanka a kanal ɗin Kadawa ko na Bunkure, to ka saurara. A ruwan nan da ke zuwa daga madatsar Tiga akwai dodon koɗi mai ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar kan huda fata ta shiga jini, ƙwanta su maƙale a mafitsara.

Allah Ya sanya wani furotin a ƙwayoyin jikinmu, wanda masana suka gano a Amurka a 1986, suna kiransa NF-kB. Aikinsa irin na mai shela ne: da cuta ta shigo, sai ya ta da kumburi don a yaƙe ta. Amma in ƙwan nan ya shekara da shekaru a mafitsara, shelar ba ta tsayawa. Sai furotin ɗin ya hana lalatattun ƙwayoyin jiki mutuwa, su yi ta hayayyafa, har su iya zama ciwon daji.

Saboda haka fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ciwo ne. In ka gan shi, ka gaya wa iyayenka ran nan, su kai ka asibiti a ba ka maganin Praziquantel. Lafiya amana ce. Allah Ya kiyaye mu, amin.