Darasi Domin Masu Riƙon Yara: Yaron da Ya Gagara

Wannan darasi domin waɗanda aka danƙa wa 'ya'yan waɗansu ne, watau uwar ɗaki a makarantar kwana, da mai lura da gidan marayu, da gwaggo ko kawu mai riƙon ɗan ɗan'uwa. A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura, ɗan riƙo ba baƙon abu ba ne. Tun zamanin mishan na SIM ma akwai makarantar kwana ta yara maza a Roni.

A cikin kowane taron yara akan sami ɗaya wanda ya gagara. Yakan doki ƙanana, yakan saci tuwo ya ɓoye, in an yi masa faɗa sai ya gudu. Mutane su ce ya kangare. To, me za a yi da shi?

Bari mu fara da hanyar da aka gwada, ta kasa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan horo a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura, nan kusa da Kazaure. Da yawa iyayensu ne suka kai su, gama sun gaji, sun rasa dabara. Amma mari ƙafa kaɗai yake tsarewa, abin da ya sa ƙafar gudu yana nan. A Disamba na 2021 Jihar Jigawa ta kafa dokar kare yara, saboda haka mai riƙo ya sani akwai hukuma bisa kansa.

In yaro ya dame ka, fara duban jikinsa tukuna. Wanda ake kira ba ya amsawa, wataƙila ciwon kunne ya rage masa ji. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kā da mutum, sai yaro ya yi zuru na ɗan lokaci, a ce raini ne. Fitsarin kwance kuwa ba da gangan ba ne, duka da waƙar tsiya sai su ƙara shi. In ka ga jini a fitsari, ko yaro yana jin zafi, tuna da tsargiya, wadda yara ke ɗauka wurin wanka a dam da kududdufi. Kai shi asibiti, akwai magani.

In jiki lafiya, sai ka tambaya, me ya same shi kafin ya zo hannunka? Yaron da ya taɓa kwana da yunwa yakan ɓoye abinci ko da rumbu a cike yake. Wanda uwarsa ta mutu, aka kai shi gida uku a shekara ɗaya, yakan gwada ka da mugun hali domin ya ga ko kai ma za ka kore shi. A 1951 wani likitan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ƙaramin yaro yana bukatar mutum ɗaya tsayayye wanda zai shaƙu da shi. Daga baya masana suka bi yara 136 na gidajen marayu a Bukares, ƙasar Romaniya. Aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗannan suka fi na gidan marayu ci gaba a hankali da shaƙuwa, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2. Ashe riƙon da kakanninmu suka sani yana da tushe, in dai ba a mai da ɗan riƙo bawan gida ba. Wannan kuwa yana faruwa, kada mu ɓoye.

Saboda haka a gidan yara da yawa, a ba yaron nan babba ɗaya, kada a riƙa sauya masa. Wannan babba ya yi mako guda yana lura: yaushe fitinar ke tashi, wa ke wurin, me ya biyo baya? Sau da yawa za ka tarar kafin abinci ne, ko da magariba sa'ad da kewar gida ke kama shi. Wani kuwa ba a kula da shi sai ya yi ɓarna, don haka ya koyi ɓarna. Irin wannan, yaba masa nan take in ya yi daidai, ka faɗi abin da ya yi. Dokoki su zama kaɗan, manya duka su riƙe su baki ɗaya. Lokacin ci da na barci kada ya canja.

Horo yana nan, amma ya zama gajere, ya dace da laifin. Ya zubar da ruwa, ya ɗebo wani. Ya yaga rigar wani, ya zauna a ɗinke tare da shi. Kada a hana shi abinci, kada a kulle shi a ɗaki, kada kuma a ce za a kore shi, gama abin da yake tsoro ke nan tun farko. Sa'ad da yake cikin fushi, janye sauran yara, ka rage murya, ka jira. Magana sai ya huce.

Wani zai ce, ai Littafin Misalai ya ambaci sanda. Gaskiya ne. Sai ya karanta Afisawa 6:4 kuma, inda aka gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Yaron da ya riga ya sha duka a gida biyu, bulala ta uku ba za ta koya masa sabon abu ba.

Tambayoyi domin taron mako:
1. Yaron da ya fi damunka, yaushe rabon da a duba lafiyarsa?
2. Wane babba ne yake zuwa wurinsa in ya ji tsoro da dare?