Kada Ka Yi Gaggawar Sallamar Yaran Nan

Ɗana, ina son mu yi magana a kan sababbin 'yan wasan da ka ɗauka wa ƙungiyarka a gasar ƙwallon kwando da kuke yi a waya, kai da abokanka na nan Fakuwa da na Kankiya da Kusada. Na ji kana cewa zaɓen bana bai yi maka kyau ba, har kana neman wanda zai karɓi biyu daga cikinsu ya ba ka tsohon ɗan wasa, ko da wanda ya kusa yin ritaya ne. Wasu dattawan za su ce me ya haɗa babba da wasan waya. Ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Wasan naku na shawara ne: kwamfuta ce ke buga ƙwallon, kai kuma kana zaune a kujerar mai ƙungiya, kana yanke wa za a ɗauka, wa za a sa a fili, wa za a sallama. Wanda ya saba yanke hukunci a kan mutane cikin garaje, ko da mutanen na cikin waya ne, sabon zai bi shi har ranar da aka damƙa masa mutanen gaske.

Ka san inda aka kwaikwayo tsarin. A gasar NBA ta Amurka ƙungiyoyi 30 ne, kuma kowace shekara a watan Yuni sukan zauna su zaɓi matasa zagaye biyu. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke kan gaba, kuma tun 1985 ake jefa ƙuri'a a tsakaninsu don a fitar da mai zaɓen farko. Wannan ya bambanta da ƙwallon ƙafar Turai da kuke kallo a gidajen kallo, inda mai kuɗi ke kwashe duk wanda ya so. A nan an ba raunana dama su farfaɗo. To amma damar zaɓe kaɗai ake ba su. Ba wanda ya ba su tabbacin abin da yaron zai zama.

Dubi shekarar 2013. Cleveland ce ta fara zaɓa, ta ɗauki Anthony Bennett. Bai yi shekara biyar a gasar ba. Sai da aka zo na 15 Milwaukee ta ɗauki wani siririn yaro ɗan shekara 18 da ke wasa a rukuni na biyu a ƙasar Girka, ɗan wasu 'yan Najeriya da suka yi ƙaura zuwa birnin Atina, yaron da ya taɓa tallar agogo da tabarau a bakin titi don taimakon iyayensa. Shi ne Giannis Antetokounmpo. A kakarsa ta farko abin da yake ci a kowane wasa bai kai maki bakwai ba. Da kai ne mai ƙungiyar, da irin zuciyar da nake ganin kana da ita yanzu, da ka sayar da shi kafin a kai damina ta biyu. Milwaukee ta riƙe shi. Ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2020, a 2021 kuma ya ci maki 50 a wasan ƙarshe, ya kawo musu kofin da suka yi shekara 50 suna jira. Muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma sau da yawa haka ne, amma a sha'anin yaro mai tasowa na ga Laraba mai duhu da ta haifi Juma'a mai haske, ba sau ɗaya ba.

Hakeem Olajuwon ma, da Houston ta ɗauka na farko a 1984, a gaban Michael Jordan da aka ɗauka na uku, sai a 1994 ya ɗaga kofi, ya maimaita a 1995. Shekara goma ke nan ana jira, ga wanda tun ranar farko kowa ya san gwani ne. Mutumin nan yana azumin Ramadan yake buga wasa, kuma a watan Fabrairun 1995, cikin azumi, aka ba shi gwarzon wata. Na kawo wannan ne don ka san akwai abin da lambobin da wayarka ke nuna maka ba sa iya aunawa.

Amma wanda na fi so ka yi nazarinsa ɗan Zariya ne, kuma ba da jefa ƙwallo ya yi suna ba. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, da ƙwallon ƙafa ya fara kamar kowane yaronmu, daga baya ya koma ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Wasansa bai kai shi NBA ba. Sai ya shiga aikin farauto matasa masu baiwa, kuma da farko ƙungiyar Orlando ya yi wa aikin ba albashi, yana biyan kuɗin tafiye-tafiye daga aljihunsa, yana bin ƙananan filaye yana kallon yaran da ba wanda ya san sunansu. Daga nan ya tafi Denver, ya zama babban manajanta a 2010, a 2013 ya koma Toronto ta ƙasar Kanada.

A 2016 Toronto ta ɗauki Pascal Siakam, ɗan Duwala ta Kamaru, a matsayi na 27, can ƙarshen zagayen farko inda mutane kan fara tashi daga kallo. Yaron bai fara ƙwallon kwando da gaske ba sai da ya kusa gama sakandare. A shekarar kuma suka kawo Fred VanVleet, wanda duk ƙungiyoyi 30 suka tsallake har aka tashi ba a kira sunansa ba. Abin da suka yi da yaran nan shi ne darasin. Da suka ga babbar ƙungiya ba za ta ba su isasshen lokaci a fili ba, ba su bar su suna ɗumama benci ba, sai suka tura su ƙaramar ƙungiyarsu, Raptors 905, su yi ta wasa, su yi kuskure, a gyara musu. A 2017 ƙaramar ƙungiyar ta ci kofin rukuninta, Siakam ne gwarzon wasannin ƙarshe. Shi da yake cin maki huɗu da 'yan kai a kakarsa ta farko, a kakar 2018 zuwa 2019 ya kai kusan 17, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba. A wasan farko na zagayen ƙarshe da Golden State ya ci 32. Toronto ta ɗauki kofin 2019, karo na farko a tarihinta. Gaskiya ne sun karɓo Kawhi Leonard ta hanyar musanyar 'yan wasa a wannan kakar, kuma ba don shi ba da wuya a kai ga kofin. Sai dai Leonard shekara ɗaya ya yi ya tafi, kuma da bai tarar da yaran da aka rena a gida ba, da ba shi da abokan ɗaukar kaya.

Kai ɗan manomi ne, ka taɓa bin mahaifinka kasuwar Charanci sayen ɗan bijimin huɗa. Ana duba ƙafa, a duba ƙirji, a buɗe baki a ga haƙora, kuma wanda bai iya dubawa ba zai yi asara. Amma ba wanda ke dawowa da shi ranar ya ɗaura masa garma ya ce ya huɗe gona. Sai an haɗa shi da babban sa da ya san aiki, ya yi ta karkacewa yana ɓata kunya, mai shi yana haƙuri, kafin wata damina ya miƙe. Wanda ya mayar da shi kasuwa saboda kunyar farko ta karkace, maƙwabcinsa ne zai ci moriyar wahalarsa.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara. Ka ce mini wasan yana nuna lamba biyu a gaban kowane yaro, ɗaya ta ƙarfinsa na yau, ɗaya ta inda ake zaton zai kai. Ta biyun zato ce, kuma waɗanda suka ƙera wasan da gangan suka bar ta tana hawa tana sauka, don haka abin yake a duniya. Kada ka yanke hukunci kafin kaka uku. Ka ba su mintuna a fili ko da za ka rasa wasu wasannin da ka so ci, domin yaron da ba ya shiga wasa ba ka da hanyar sanin ko wane ne shi. Kada ka sallami tsofaffinka duka. Ka bar ɗaya ko biyu su riƙe ƙungiyar. Kuma ka duba abin da kowane yaro ya iya, ka ajiye shi a nan. Dogon da ya iya tare ƙwallo a bakin kwando, kada ka tilasta masa jefa ta nesa sannan ka ce ba shi da amfani. Idan bayan wannan duka ɗaya bai tashi ba, ka sallame shi ba tare da ɓacin rai ba. Michael Olowokandi, haifaffen Legas, shi aka ɗauka na farko a 1998, a gaban Dirk Nowitzki da Paul Pierce, kuma bai kai inda aka zata ba. Masu idon da aka biya miliyoyi ma suna kuskure, balle kai.

Akwai wata dabara da na ji abokanka suna yabawa, wai mutum ya riƙa faɗuwa da gangan don ya samu zaɓen farko baɗi. Ba na son ta. Philadelphia ta bi wannan hanya, har a kakar 2015 zuwa 2016 wasa 10 kacal ta ci cikin 82. Ta samu zaɓen farko a 2016, tana kuma da Joel Embiid na Kamaru da ta ɗauka na uku a 2014, amma har zuwa 2025 kofi bai zo ba. NBA da kanta ta gyara ƙuri'ar a 2019, ta mayar da rabon ƙungiyoyi uku na ƙasa kashi 14 cikin ɗari kowace, don a rage kwaɗayin faɗuwa. Ko da dabarar tana ci, kun yi alkawari da abokanka cewa kowa zai yi iya ƙoƙarinsa, kuma wanda ya saki wasa da gangan ya ci amanar sauran.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ba zan sassauta murya ba. Ranar da ɗayanku ya ce a zuba ko naira ɗari ce wanda ya ci ya kwashe, ka ajiye wayar ka tashi. Shagunan caca ma suna da wasannin da kwamfuta ke bugawa, kamarsu ɗaya da naku a ido, kuma ta wannan ƙofa yara da yawa suka shiga ba su fito da komai ba. Hukuncin caca a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ka kuma san shi.

Abu na ƙarshe roƙo ne. A garin nan akwai ƙannenku dogaye da ba su taɓa riƙe ƙwallon kwando ba, ga shi kai ka san dokokin wasan fiye da yawancin malamansu. Bakin kwandon ƙarfe ne zagayayye mai faɗin santimita 45, ana kafa shi a tsayin mita 3.05 daga ƙasa, kuma kowane mai walda a Kankiya zai iya lanƙwasa maka shi. Ku nemi izinin shugaban makaranta, ku haɗa kuɗin ƙwallo ɗaya, ku daddaɓe fili bayan an kwashe amfanin gona. Ranar Asabar bayan La'asar ka tara su, ka fara koya musu buga ƙwallo a ƙasa da hannun hagu da na dama. Ni zan biya kuɗin turke da allon da za a kafa kwandon a jiki.