Shukar Da Ba A Nema Mata Iri

Duk wanda ya ratsa fadamun Makarfi da Kudan da Ikara, a ƙasar Zazzau, ya ga rake, watakila ma ya ɗanɗani mazarƙwailar da a ke yi da ruwansa. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar ina irinsa? Takanɗa dai ƙwayarta a ke shukawa kamar dawa. Rake kuwa jikinsa a ke sarawa gunduwa gunduwa, kowace da gaɓa biyu ko uku, a kwantar cikin rami, a rufe da ƙasa. Kowace gaɓa tana da ido, daga nan tsiro ke fitowa. Manoma sun fi son wajen kan karan, domin idanunsa sun fi ƙuruciya, sun fi saurin tashi.

To, ga abin da mu ke so a lura da shi. Abin da ya tsiro ɗin nan jikin uwar ne ya ci gaba, saboda haka zaƙinta ya kan ɗauko, in tana da cuta kuma ya ɗauko. Akwai wata cuta da ke sa rake ya fid da wani abu baƙi a kansa, dogo kamar bulala. Wanda ya sari dashe a gindin da ta kama, ya kai ta gonarsa da hannunsa ke nan, wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Ba kowanenmu ke da fadama ba, amma a cikin ɗaki ma muna iya ganin wannan al'amari da idonmu. Akwai wani ɗan fure mai launin shuni da a ke kira bayolet na Afirka, wanda wani Bajamushe ya samo a duwatsun Usambara, ƙasar Tanzaniya ta yanzu, cikin 1892. Shi ganye guda ya isa. A zaɓi lafiyayye, a yanko shi da wuƙa mai kaifi tare da ɗan karansa, kamar inci ɗaya da rabi, a soka cikin rairayi mai laima a ƙaramin kasko hudajje. Bayan mako uku ko huɗu saiwa za ta fito, 'ya'yan kuwa sai wajen wata biyu, don haka kada gajen haƙuri ya sa a riƙa tono ana dubawa.

Asalinsa ɗan inuwar kurmi ne, ranar ƙasarmu ƙone shi ta ke yi. Sai a ajiye shi kusa da taga, inda haske ke shiga ba rana ba. Yawan ruwa ya fi ƙishi kashe shi, kuma gindi a ke ba, ban da ganye. In hunturu ya shigo, a kifa masa kwalba mai faɗin baki don iska kada ta busar da shi.