Daga Kushadasi zuwa kufan Afisa a motar haya: abin da nake faɗa wa matafiyana

Shirya wa mutane tafiya ita ce sana'ata: biza, tikiti, masauki da duk abin da ke tsakani. A 'yan shekarun nan, ban da masu Umara da 'yan kasuwar da ke zuwa Istanbul saro kaya, wani rukuni ya fara yawa, wato iyalai da sababbin ma'aurata masu son hawa manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido da ke zagaya tsibiran Girka da gaɓar Turkiyya. Duk wanda ya ga sunan Kushadasi a jadawalin jirginsa, ya kuma ga kuɗin da kamfanin jirgin ke nema kafin ya kai shi kufan Afisa, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, ba za mu iya zuwa da kanmu a motar haya ba?"

Za ku iya. Hanyar ba ta da wuya, kuɗin motar kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ke hana ni barci idan matafiyina ya zaɓi haka shi ne agogo, domin jirgi yana jiran motocin da shi ya tura, amma ba ya jiran wanda ya fita da ƙafarsa. Saboda haka zan bayyana hanyar dalla-dalla, sannan in faɗi wanda ya dace ya bi ta da wanda nake roƙo ya haƙura.

Afisa, wadda Turkawa ke kira Efes, tana da nisan kimanin kilomita 18 daga Kushadasi, kuma kilomita 3 kacal daga wani ƙaramin gari mai suna Selcuk. A zamanin Rumawa ita ce hedikwatar lardin Asiya, kuma ita kanta babbar tashar jiragen ruwa ce. Kogin da yanzu ake kira Kucuk Menderes ne ya yi ta kwaso laka yana zubawa a bakin tashar har ta cike, teku ya ja baya da kilomitoci, fadama da sauro suka maye gurbin fatake, birnin ya mutu a hankali. Dalilin da ya sa jirginka zai tsaya can nesa ke nan, kai kuma sai ka nemi mota. A 2015 UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Idan ka fito daga ƙofar tashar jiragen ruwa, 'yan tasi ne za su fara tare ka, kowa da hoton kufan a hannu. Ba laifi suke yi ba, sana'arsu ce, kuma akwai lokacin da su ne mafita. Amma mai neman motar haya sai ya wuce su. Za ka ga wani tsohon masaukin fatake mai katangar dutse, wanda aka gina a 1618, dab da tashar. Daga nan ka miƙe cikin gari, ka bar teku a bayanka, tafiyar minti 15 zuwa 20, kana tambayar inda ƙananan motocin Selcuk ke lodi. Sunan motar dolmush. Tamkar bas ɗin haya ce irin tamu ta cikin gari, ana tsayar da ita a hanya, ana sauka inda aka ga dama, sai dai an rubuta inda za ta a gilashin gaba. Ka tabbata ka ga an rubuta Selçuk. Takan tashi duk bayan minti 20 zuwa 30, tafiyar kuma kimanin rabin awa ce.

Babu yaron mota. Direba ne ke karɓar kuɗi, kuma lira yake so, tsaba a hannu, ƙananan takardu. Idan kujerarka na baya, ka miƙa wa na gabanka, shi ma ya miƙa gaba, har ta isa hannun direba, canjinka kuma ya dawo maka ta hanyar da kuɗin ya bi, yana tuƙi yana lissafi. Tun kana shiga ka ce masa "Efes", ka maimaita, ka zauna inda zai riƙa ganinka a madubi. Motar ba ta shiga har bakin kufan. A mararrabar da ke kan babban titi za ta ajiye ka, daga nan ka taka kimanin kilomita 1 zuwa ƙofar ƙasa. Kafin ka bar wurin, ka juya ka kalli ɗaya gefen titin da kyau, ka ɗauki hotonsa a waya, domin a nan za ka tsaya ka tare motar komawa.

Wurin yana da ƙofa biyu, kuma a nan ne masu zuwa da kansu suka fi shan wahala. Birnin a gangare yake. Motocin kamfani suna sauke mutanensu a ƙofar sama, su gangaro a hankali, motar ta zagayo ta jira su a ƙofar ƙasa. Kai kuwa dolmush ta kawo ka ta ƙasa, don haka hawa za ka yi, kuma idan ka kai ƙarshe dole ka sake gangarowa ta inda ka bi, domin babu motar haya da ke jira a sama. Ga matashi mai lafiya wannan ba komai ba ne, har ma yana da daɗinsa: ka ga komai sau biyu, ta fuska biyu. Ga wanda gwiwa ke damu, shawarata ita ce ya ɗauki tasi daga ƙofar ƙasa ko daga Selcuk zuwa ƙofar sama, a yi ciniki kafin a shiga, sannan ya gangaro. Za ka haɗu da masu cewa za su kai ka sama kyauta. Kyautar tana biyawa ta shagon darduma ko na rigunan fata, inda za a zaunar da kai, a kawo maka shayi, a yi ta shimfiɗa kaya a gabanka, kai kuma kunya ta hana ka tashi. Mutanenmu suna da kara, kuma karar nan tana iya cinye awa guda daga lokacin da ba ka da shi. Ka gode musu, ka wuce.

Kuɗin shiga ba ƙarami ba ne. A 2024 an mayar da na baƙi Yuro 40, kuma tsofaffin gidajen attajiran birnin, waɗanda aka rufe da rumfa a cikin kufan, suna da nasu tikitin daban. Ka duba farashin ranar kafin ka tashi, kada ka ɗauka arhar mota ta shafi ƙofa.

Amma wallahi wurin ya ci kuɗinsa. Mai shigowa ta ƙasa zai fara cin karo da babban dandalin wasanni da aka sassaƙa a jikin dutse, mai ɗaukar mutum kusan 25,000. 'Yan uwanmu Kirista sun san shi daga Littafin Ayyukan Manzanni: a nan maƙeran azurfa suka tayar da tarzoma saboda wa'azin Bulus yana kashe musu kasuwar gumakan Artemis. Daga nan titin marmara zai kai ka ɗakin karatu na Selsus, wanda wani ɗa ya gina don tunawa da mahaifinsa a farkon ƙarni na 2 Miladiyya, aka binne uban a ƙarƙashinsa, aka kuma adana naɗaɗɗun littattafai kusan 12,000 a cikinsa. Fuskar ginin da kowa ke ɗaukar hoto a gabanta ta daɗe a zube. Tsakanin 1970 da 1978 aka tattara duwatsun aka sake tayar da ita. Masu binciken tarihi na ƙasar Ostiriya suna haƙa a wurin tun 1895, kuma har yau mafi yawan birnin yana ƙarƙashin ƙasa.

Ni abin da na fi son matafiyina ya lura da shi yana ƙarƙashin ƙafarsa ne. Ka dubi shimfiɗar titin: ga sawun ƙafafun keken doki ya ci dutse ya yi kwari, ga bututun laka da ke kai ruwa gida-gida, ga magudanar ƙazanta a ƙarƙashin hanya. Akwai makewayin jama'a, kujerun marmara a jere da ramuka, ruwa na gudana ta ƙasa yana tafiya da komai, wata ƙaramar kwata kuma tana bi ta gaban masu zama da ruwa mai tsabta. Shekara kusan 2,000 ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da kwata ke toshewa da damina zai daɗe tsaye a wurin nan.

Marmarar nan kuma ita ce haɗarin wurin. Ƙafafun miliyoyin mutane sun goge ta ta yi sulɓi, titin kuma gangare ne. Na sha faɗa wa iyayenmu mata: "Hajiya, don Allah a bar silifas da takalmi mai tsini a jirgi, a sa kambas, a ɗan ɗage abaya daga ƙasa." Wata da ba ta ji ba, a kan titin da ke gangarowa zuwa ɗakin karatun santsi ya kwashe ta, ta gurɗe a idon sawu, sauran kwanakin tafiyar a ɗaki ta yi su. Inuwa ma babu ta a zo a gani. A watannin Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 35, farin dutsen kuma yana mayar maka da shi a fuska. Kada wani ya ce shi ɗan Sakkwato ne, ya saba. A gida mun san mu nemi gindin bishiya da azahar. A nan tafiya kake yi a tsakiyar rana. Ruwa, hula ko lema, kuma a fita da motar farko.

Wani gargaɗi da ba na wasa da shi: kada ka ɗauki ko tsakuwa ka sa a aljihu, kada kuma ka sayi tsabar kuɗin da wani zai raɗa maka cewa ta zamanin Rumawa ce. Idan jabu ce, an cuce ka. Idan ta gaske ce, dokar Turkiyya ta hana fitar da kayan tarihi, kuma ana kama mutane a kan haka.

Da yawa daga matafiyana Musulmi abin da ke jan su shi ne kogon da ake dangantawa da As'habul Kahfi, wanda ke gefen dutse a wajen shingen kufan, ɗan tafiya daga ƙofar ƙasa. Nakan gaya musu gaskiya: Alƙur'ani bai ambaci sunan wurin ba, kuma akwai wasu wuraren da ke da irin wannan da'awa, daga ciki har da Afshin da Tarsus a Turkiyya ɗin kanta, da wani kuma kusa da Amman ta Jodan. Abin da za ka gani a nan kangon coci ne da kaburbura. Wanda ke da lokaci ya leƙa. Haka garin Selcuk: akwai gidan tarihin da aka tara kayan Afisa kusa da tashar mota, akwai masallacin Isa Bey na 1375, akwai kuma ginshiƙi ɗaya tilo da ya rage daga haikalin Artemis, wanda a da ake lissafawa cikin abubuwan al'ajabi 7 na duniya. Komawa daga tashar motar Selcuk ya fi kwanciyar hankali, domin a can motar ke tashi, za ka samu kujera. A mararraba tana iya zuwa a cike ta wuce ka. Gidan da ake dangantawa da Nana Maryam kuwa yana can kan dutse, motar haya ba ta zuwa, sai tasi.

Yanzu ga lissafin. Taka ƙafa zuwa tashar mota, jira, tafiyar motar, da takawa zuwa ƙofa: ka ba su awa 1 da rabi. Komawa haka. Cikin kufan awa 2 zuwa 2 da rabi. Ka ga an kai awa 5 zuwa 5 da rabi ba a ci abinci ba, ba a yi salla ba. Sai ka ƙara awa 1 ta ko-ta-kwana. Kuma ba daga lokacin tashin jirgi za ka fara ƙirgawa baya ba, daga lokacin da aka ce kowa ya kasance a ciki ne, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi. Ana rubuta shi a allo a bakin matakalar sauka, ka ɗauki hotonsa. Idan jirginka zai yini, awa 8 ko fiye, bismilla, hau dolmush. Idan irin wanda ke isowa da asuba ya tashi da azahar ne don ya kai tsibirin Patmos kafin yamma, ina roƙonka ka bi motar kamfani ko ka ɗauki shatar tasi zuwa da dawowa. Haka nake faɗa wa mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, kowane irin jadawali ne.

A kula da agogon waya. Turkiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2 duk shekara. Da Girka lokacinsu ɗaya ne a watannin zafi, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Girka tana komawa baya da awa 1. Lokacin jirgi shi ne abin bi. Ka tambayi ma'aikatan da ke bakin ƙofa, ka saita agogon hannu da nasu.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne fasfonmu. Bature da jirgi ya bari zai sayi tikiti ya tari jirgin a gaba, ya yi asarar kuɗi kawai. Mai koren fasfo kuwa, tashar gaba galibi a Girka take, wato sai da bizar Shengen mai rai. Idan ta shiga sau ɗaya ce, fitowarka zuwa Turkiyya ta riga ta kashe ta, shi ya sa ba na yarda matafiyina ya hau irin wannan jirgi sai da biza mai shiga da fita sau da yawa, tare da tabbatar da sharaɗin shiga Turkiyya tun a gida. Wasu jiragen suna riƙe fasfon fasinja. Idan sun tashi babu kai, sukan bar shi a hannun wakilinsu na tashar. Sunan wakilin da lambar wayarsa suna cikin takardar shirye-shiryen ranar da ake ajiye maka a ɗaki. Ka fita da ita, da katin jirgi, da kwafin fasfo da na biza, da maganin da kake sha kullum, da lira ko Yuro da za su isa tasi daga Afisa har bakin tashar. Idan ka tsaya a mararraba minti 20 mota ba ta zo ba, kuma saura awa 1 da rabi a rufe ƙofar jirgi, kada ka ƙara jira: koma ƙofar ƙasa ka ɗauki tasi, kana hanya kana kiran wakilin.